Dogo Ba Ya Ajiye Zanen Kowa

Layinmu na teloli ne da masu surfani. Ni zare nake sayarwa, kuma shagona yana bakin layin, inda kowa ke bi safe da yamma. Duk wanda ya girma a layin nan a gabana ya girma. Wanda zan ba da labarinsa ɗan ƙanwata ne. Dogo ake ce masa tun yana ƙarami, bai kuma ba sunan kunya ba, don har yau sai ya sunkuya yake shigowa shagona.

Uwarsa ta kawo shi ne ya koyi ɗinki. Bai koya ba. Duk keken da aka zaunar da shi a kai, kafin rana ta take ya kwance shi yana leƙen cikinsa. Teloli suka yi ta miƙa wa juna shi kamar garwashi, har ya faɗo hannun Baba Mai Zane. Baba ba ya ɗinki sosai. Aikinsa zana adon da ake yi wa wuyan riga da bakin hannu, kuma daga nesa ake zuwa nemansa. Ya dubi yaron, ya dubi keken da ya warwatsa a ƙasa, ya ce, “Tunda ka iya kwancewa, mayar.” Dogo ya mayar. Keken ya daina wata ƙara da ya daɗe yana yi. Daga ranar ya samu wurin zama.

Ina ganin a shagon Baba ya koyi abin da ya fi ƙarfe. A sana'ar surfani, zane shi ne jarin mutum. Yadi kowa na da shi, zare ina sayar wa kowa, amma yadda reshe zai lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa a ƙirjin riga, wannan na mai shi ne. Baba yana zana nasa a farar takarda mai shara-shara, ya kulle a akwatin ƙarfe. Akwai wani da ya fi so, ganye ne wanda bakinsa ke juyowa baya, ana ce masa mai waiwaye. Ba kowa yake yi wa shi ba, sai ya ga dama da mutum. An taɓa yi masa ɓarna: wani da ya koya wa aiki ya fita da takardu a cikin riga, ya buɗe shago da su a wani gari. Baba bai kai ƙara ba, bai kuma ƙara ambaton sunan mutumin ba. Amma tun daga nan, in zai buɗe akwatin, sai ya juya wa ƙofa baya. Dogo ya tashi yana ganin wannan bayan.

Da injin surfani mai kwamfuta ya shigo, Dogo ya riga ya zama saurayi. Injin nan, ga wanda bai sani ba, ba a taka shi. Zane ake sa masa ta kwamfuta, a ɗaure yadi a zobe, ya yi ta saran allura shi kaɗai har ya gama. Kamfanoni biyu ne ke kawo shi a lokacin, babba da ƙarami. Kowanne da manhajarsa, ta wannan ba ta jin maganar injin wancan. Ga shi dukansu don zare mai tsada aka yi su. Namu na talakawa, da allura ta zo kwana sai ya tsinke. Masu shago suka yi ta zuwa suna yi min ƙorafi, kamar ni na murɗa zaren.

Dogo ya samo tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, ya shige ɗakin bayan shagon Baba. Ban san yadda ya koya ba. Na dai san ya rame, har uwarsa ta zo ta same ni.

“Yaya, ka yi masa magana. Yaro ya zauna yana hira da gilashi, ko abinci sai an tuna masa.”

Na ce a bar shi tukuna.

Da ya fito, da manhajarsa ya fito. Ba ta da kyan gani, rubutunta ƙanana, amma tana magana da injin kowane kamfani, kuma in allura ta kusa kwana sai ta rage gudu, kamar direban da ya san hanya. Zare ya daina tsinkewa. Ranar da aka gwada ta, wani tela da ake ce wa Rediyo saboda bakinsa ba ya hutawa ya fito tsakiyar layi yana tafa hannu: “Jama'a, ku zo ku gani, mai ɓata kekuna ya yi abin kai!”

Sai dai manhaja ba ta aiki sai an shigar mata da zane, shigarwar kuma Dogo ne kaɗai ya iya. Dole mai shago ya miƙa masa takardarsa. Nan mutane suka yi turus. Dogo ya san dalili, don haka ya fito da wata hanya tasa wadda ba wanda ya koya masa. In ya karɓi zane ya gama aikinsa, ya zuba shi a kwamfutar mai shago, sai ya juyo da fuskar tasa kwamfutar wajen mutumin, ya ce, “Ka gan shi?” A ce an gani. Sai ya goge. Ya buɗe kwandon da gogaggun abubuwa ke faɗawa, ya zubar da shi. Ya goge filashi, ɗan ma'ajin nan da ya ɗauko aikin a ciki. Sannan ya ce, “Yanzu kai kaɗai ke da shi.” Ko mai shago yana sauri, ko ya ce ai ya yarda da shi, Dogo ba ya tashi sai an duba.

Bayan ya yi aure ma Rediyo bai bar shi ba. “Kai Dogo, in amarya ta ba ka saƙon cefane, haka kake gogewa kafin ka isa kasuwa?”

“Shi ya sa kullum sau biyu take aikena,” in ji Dogo.

Baba shi ne na ƙarshe da ya ba da nasa. Ya daɗe yana kallon yadda yaronsa ke yi da zanen wasu. Sai da yanar ido ta fara rufe masa gani, fensir ya fara kauce wa layi, sannan wata safiya ya kira Dogo, ya buɗe akwatin ƙarfen ba tare da ya juya masa baya ba. Damina guda suka yi suna shigar da zanen nan ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfutar da Baba ya saya tare da injin surfani. Kowanne aka gama, Dogo ya juyo da tasa, ya goge. Da aka kammala, na ji ƙaurin takarda daga bayan shagon. Na leƙa, na tarar da Baba tsugune yana tura takardunsa cikin wuta da tsinke, Dogo tsaye a kansa.

“Baba, da ka bar su.”

“Takarda tana shiga riga,” in ji Baba. “Wannan akwatin da ka sa na saya kuwa, wa zai sa shi a riga?”

Shekarun da suka biyo baya masu daɗi ne. Dogo ya kama ƙaramin shago kusa da nawa. Matarsa ta haifi tagwaye, ta koma ce masa Baban biyu. Masu surfani daga wasu unguwanni suka riƙa zuwa, wani ya ji labarin manhajar, wani kuwa labarin gogewar ya ji. Bai taɓa tunanin ya mai da abin kamfani ba. In injin wani ya yi gardama, yakan ɗauki jakarsa ya tafi da ƙafa.

Babban kamfanin nan bai zo da faɗa ba. Da farko sai ya riƙa ba da sabuwar manhajarsa kyauta da kowane inji, mai launuka, mai hotuna. Wasu suka koma can, zare ya tsinke musu, suka dawo suna sosa ƙeya. Ana nan sai aka ji babban ya saye ƙaramin, da injinansa da masu gyaransa duka. Rediyo ya ce, “To fa. Yanzu in suka ɓata mana rai, wa za mu ce za mu koma wurinsa?” Aka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba.

Daga nan injinan da ke fitowa suka daina karɓar zanen da ya fito daga manhajar Dogo. Ya zauna ya samo wata kafa, suka karɓa. Ba a jima ba aka toshe kafar. Ya samo wata, aka toshe. Masu tsofaffin injina kuma, in wani ƙarfe ya ci, sai a ce musu ba a sayar wa mai amfani da manhajar waje kayan gyara. Ba wani wurin saye. Dogo ya koma zama a ƙofar shago yana kallon masu wucewa, abin da ban saba ganinsa yana yi ba.

A lokacin ne wakilin kamfani ya zo, a farar mota. Saurayi ne mai tsabta, yana rusunawa ya gai da manya, kuma ba ya rabuwa da fara'a, har layi ya sa masa Mai Murmushi. Bai shiga shagon kowa ba sai na Dogo. Bangon da ke tsakaninmu katako ne, don haka na ji yawancin maganar. Ya ce kamfani yana da wani rumbu da ake ajiye zane ta intanet, ba wuta, ba ɓarawo, ba kwamfutar da za ta mutu da aikin mutum. Duk wanda ya mai da zanensa can, za a karɓi tsohuwar kwamfutarsa a ba shi wani ɗan akwati mai fuskar gilashi a jikin injinsa, kayan gyara kuma su buɗe masa. Ya ce sun daɗe suna yi wa mutanen layin nan bayani, ba wanda ya yarda.

“Kai suke saurare, yallaɓai. Ka zo mu yi aiki tare. Ka zama wakilinmu a nan.”

Tambaya ɗaya Dogo ya yi. “Wa zai riƙa ganin zanen?”

“Kowa da ɗakinsa, makulli a hannun mai ɗaki. Ko ni ba na iya leƙawa.”

Da motar ta tafi, Dogo ya sunkuyo ya shigo wurina, ya zauna a kan buhun zare.

“Kawu, me ka gani?”

“Na ga yaro mai ladabi.”

“Shi ke nan?”

“Maigidansa ne ban gani ba.”

Ya yi dariya. “Kawu, ai kamfani ba shi da fuska.”

“To, shi ne na ce ban gani ba.”

Ya ɗauki wani ƙullin zare yana jujjuyawa a hannu. Ya ce injin mutum nawa ne ke tsaye yanzu saboda ƙaramin ƙarfe, kuma saboda manhajarsa ce ake hana su. Ya ce tagwaye sun isa shiga makaranta. Duka biyun gaskiya ne.

Aka ba shi riga mai tambarin kamfani a aljihu, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ya fara bin shaguna. A kowane shago tambayar ɗaya ce, wa zai gani, amsar kuma ɗaya ce: “Babu. Ni na faɗa maka.” Da ya faɗi haka, sai mutum ya matsa ya ba shi kujera. Yakan kwashe zanen daga tsohuwar kwamfuta zuwa filashinsa, ya juya su yadda rumbun ke karɓa, ya tura. Tsofaffin kwamfutocin kuwa leburori ne za su loda su a mota, ba a san hannun da za su faɗa ba. Wannan ya dami Dogo ƙwarai. Don haka kafin a fitar da kowace, sai ya kira mai shago, ya wanke ta tas a gabansa, sannan ya goge filashinsa kamar yadda ya saba. Kamfani bai ce ya yi haka ba. Mai Murmushi ma da ya gani, sai ya ce, “Kai, yallaɓai, kana da tsantseni.”

Ina wurin ranar da aka yi na Baba. Lokacin idon ya yi nisa, da murya yake gane mutane. Dogo ya juyo masa da fuskar kwamfuta.

“Baba, ka gan su?”

“Na gani.”

Dogo ya goge. Leburori suka ɗauki kwamfutar, Baba ya bi ƙarar takalmansu da kai har bakin ƙofa.

Da rana matar Dogo ta kawo masa abinci, ta same mu a shagona. Mace ce da ba ta kewaye-kewaye. Ta zuba masa, ta tsaya riƙe da marfin kwano.

“Baban biyu, ko na Baba ma ba ka ajiye ba? Tsohon nan fa ba shi da takarda.”

Dogo ya tsame hannu daga kwanon. “Ni? In ajiye zanen Baba a bayan idonsa? Da wane ido zan kalle shi gobe da safe?”

“Wa ya ce a bayan idonsa? Ka tambaye shi mana.”

“Tambayar ma abin kunya ce. Mutumin da aka taɓa fitar masa da takarda a riga, ni kuma in buɗe baki in ce ya bar min?”

Ta dube ni. Na dubi zarena. Ta ce, “Allah ya sa alheri,” ta rufe kwanon.

Da farko alherin aka gani. Kayan gyara suka samu, injina suka tashi, layi ya cika da ƙara. Sabuwar manhajar kamfani ma ta koyi rage gudu a kwana, don Dogo ya nuna wa mutanensu yadda ake yi, da hannunsa. Sai farar mota ta rage zuwa. Da shago na ƙarshe ya shiga rumbu, aka gaya wa Dogo an gode, aikin wakili ya ƙare a wannan yanki. Ya ninke rigar ya ba matarsa, ta yi wa tagwaye tsumman goge allo da ita.

Baba ya saba zuwa ya zauna a bencin shagona da hantsi, ya sha iska. Wata rana wani baƙo ya shigo da riga a leda, yana neman zaren da ya dace da adonta don wani wuri ya warware. Ina neman kalar, sai ya ajiye rigar a kan benci. Hannun Baba ya sauka a kanta. Na ga babban yatsansa yana bin adon a hankali, ya hau reshe, ya kai bakin ganye, ya juyo baya. Ya tsaya a nan.

“Ɗana, ina aka yi maka wannan?”

“A can unguwarmu, Baba. Ai yanzu kowane shago na da shi. Masu sabon inji an buɗe musu zane ba iyaka, lamba kawai za ka faɗa. Wannan shi ake yayi.”

“Ya yi kyau,” in ji Baba. Ya ninke rigar da kyau ya miƙa masa.

Rediyo yana tsaye a bakin ƙofa, ya ga adon. Ya buɗe baki, ya rufe. Tunda nake da shi ban taɓa ganin haka ba.

Kafin mako ya zagayo kowa ya ga nasa a jikin wani. Dogo ya tafi ofishin kamfani. Ya gaya min an ba shi kujera mai laushi da ruwan sanyi, an ce wanda ke da alhakin wannan ba ya nan. Ya koma, aka sake ba shi ruwan. A fitowarsa ta ƙarshe ya ci karo da Mai Murmushi a bakin titi yana jiran motar haya, ba farar mota, ba riga mai tambari.

“An canza tsari daga sama, yallaɓai. Yanzu duk abin da ke rumbu na rumbu ne. Wallahi abin da aka gaya min na gaya maka.”

“To a mayar wa Baba nasa.”

“Ni yanzu ko ƙofa ba a buɗe min.”

Dogo ya ce bai iya jin haushinsa ba, kuma wannan ya fi ba shi haushi.

Ba a daɗe ba aka sanar cewa kamfani ya daina kula da tsofaffin injina. Wata safiya ɗan akwatin da ke jikin injin Baba ya ƙi kawo haske. Masu hali suka sayi sabon inji, don ba wani kamfanin da za a je. Baba ba shi da hali, ba shi kuma da sauran shekarun da zai fara sabon abu. Zanen da ya yi rayuwarsa yana yi, duk mai sabon inji a ko'ina yana iya kiransa da lamba, ban da shi.

Ba wanda ya zagi Dogo. Gaisuwa ce dai ta gajarce. Wanda da zai tsaya ya tambayi tagwaye, yanzu sai ya ɗaga hannu daga nesa. Rediyo ya daina tsokanarsa, ya koma ce masa “sannu da aiki” kamar baƙo.

“Kawu, da Rediyo zai zage ni da na ji sauƙi,” in ji shi.

Baba ne kaɗai bai canza ba. Kullum Dogo ya je gaishe shi, sai ya amsa, ya tambayi uwarsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Dogo yakan fito daga shagon nan kamar wanda aka ɗora wa dutse.

Da zai iya sayen rigar yayi ya kwafi adon daga jikinta, amma na rumbun an rage masa sara don inji ya yi sauri, ganyen yana juyowa ne kawai, ba ya waiwaye. Ga shi kuma kamfani ya yi shela cewa duk wanda ya kwafi zane daga rumbunsa ɓarawo ne. Rediyo ya maimaita mana wannan kalmar a tsakiyar layi, ba wanda ya yi dariya. Sai Dogo ya fara bin gidajen tsofaffin abokan cinikin Baba, yana aron rigunan da aka yi musu tun da can. Wasu sun ƙaura, wasu sun rasu, wasu rigar ta zama tsumma. Wadda ya samu, sai ya shimfiɗa ta a teburinsa kusa da taga, ya sa gilashin ƙara girma, ya bi sara ɗaya bayan ɗaya yana shigarwa cikin tsohuwar manhajarsa. Aikin da Baba ya zana da hantsi ɗaya, shi yakan kwashe makonni a kai. Da rana yana gyaran kekunan ɗinki, aikin da ya fara da shi, don gida ya ci abinci. Gashinsa ya fara fari a wannan shekarar.

Mai waiwaye a wurin wata tsohuwa ya same shi. Rigar mijinta ce da ya rasu, tana ajiye a ƙasan akwati. Ta ce ya kula mata da ita, ya dawo da ita kafin ƙamshin ya fita.

Ranar da ya gama, ya kira ni in zo da zare mai ruwan ƙasa. Ya cire mataccen akwatin kamfani daga jikin injin Baba, ya haɗa tasa kwamfutar da injin, ya ɗaure ƙyalle a zobe. Injin ya yi tari, ya kama. Baba yana zaune a kujerarsa, kansa a karkace, yana sauraro. Da allura ta rage gudu a kwana, na ga leɓensa ya motsa. Dogo ya kwance ƙyallen ya sa masa a hannu. Yatsan ya hau reshe, ya kai bakin ganye, ya juyo. Ya sake bi daga farko.

“Shi ne,” in ji Baba.

Dogo ya juyo da fuskar kwamfutar wajensa. Ina jin hannunsa ne ya yi, ba shi ba.

“Baba, ka gan shi?”

Yatsansa har ya kai inda ake gogewa, sai ya tsaya. Babu wata kwamfutar a shagon da aka zuba zanen a ciki.

“Ba na gani, Dogo,” in ji Baba. “Na daɗe ba na gani. Ko a waccan ranar ban ga komai ba, muryarka na ji.” Ya shafa ƙyallen a kan gwiwarsa. “Kada ka goge. Bar shi a wurinka. Da tun farko ka ce in bar maka, ai da na bari. Na yi ta jira ka tambaya.”

Dogo ya janye hannunsa daga kwamfutar. Ni ma na ga ya kamata in koma shago, kada wani ya zo neman zare.

Kaɗan ya iya dawo da su kafin Baba ya rasu, ba su kai a cika tafin hannu da takardunsu ba, in da takarda ce. Iyalan Baba suka ce ya ɗauki tsohon injin, don ba mai sayensa. Yana nan a shagonsa, an lulluɓe shi da zanin gado. Layin ya ci gaba da aiki, ado ma ya ƙaru, sai dai duk shagon da ka shiga abu ɗaya za ka gani. Kwanan nan an ce sababbin injina sun fi son zaren kamfani, nawa yana sa su tsayawa. Kantocina sun samu sarari, ina goge su da safe.

Wani lokaci wani yakan zo ya ce Dogo ya yi masa mai waiwaye na asali. Yakan ce na Baba ne, ba a ba shi izinin bayarwa ba, ajiya aka ce ya yi. Rediyo, wanda ya fara sake tsokanarsa kaɗan-kaɗan, ya ce masa, “Kai Dogo, abin da ke wucewa a ƙirjin kowa a titi, shi kake gadi?” Dogo ya ce e.

Da yamma, in ya gama da kekuna ya wanke hannu, nakan gan shi ta tsagar katako ya ɗauko tsohuwar kwamfutar. Kafin ya buɗe ta, sai ya gyara kujera, ya juya wa ƙofa baya.